Ashana Shida a Hannun Kiɗa

Ranar da na fara jin maganar ashana, ina tsugune ne bakin murhu ina fama da ɗanyen icce, hayaƙi ya cika mini ido. Shekarar ce wayar hannu ta fara shigowa Zuru, maza na hawa tudu suna ɗaga ta sama wai neman sabis. Maƙwabciyata ta leƙo ta saman katanga, ta wajen da damina ta zaftare ƙasa, inda muka saba miƙa wa juna gishiri da labari. Ta rage murya ta ce, "Maman 'yan biyu, na samo ashana hwa."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka. Miƙo mini ko tsinke biyu, tun ɗazu wutar nan take ba ni wahala."

Sai ta fashe da dariya har ta saki katangar ta ɓace mini. Can sai ga ta ta zagayo ta ƙofa da mayafinta, tana share hawaye. Bahaushiya ce, Musulma, matar wani tela, 'ya'yanta shida, kuma shekara takwas muna zaune katanga ɗaya a unguwar Rikoto ba a taɓa jin kanmu ba. Ta ja ni ɗaki, ta ɗaga hannun rigarta, ta kama yatsana ta ɗora a cikin damtsenta.

"Taɓa ki ji. Ƙirga."

Na taɓa. A ƙarƙashin fata akwai wasu 'yan tsinkaye a jere, sun haɗa gindi wuri ɗaya sun buɗe ta sama kamar yatsun hannu. Ɗaya, biyu, har shida. Na janye hannuna.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Asibiti. Shekara biyar babu ciki. Ba ƙwaya, ba allura, ba komi. Randa kika so, a hidda miki."

Shekara biyar! Na zauna bakin gado ban san na zauna ba. Tuwon ranar bai yi daɗi ba, domin hankalina ba ya kan tukunya.

Sai na faɗi yadda nake a lokacin, kafin a gane abin da ya sa maganar ta shige ni haka. Shekara takwas da aure, 'ya'ya biyar, na ƙarshe 'yan biyu. Ni irin matan nan ce da yaro ba ya kai wata goma a baya sai wani cikin ya shiga. Kwanika a kan kwanika. A haihuwar 'yan biyun na zubar da jini har sai da ƙanen mijina ya ba ni nasa. Kuma ranar da maƙwabciyata ta nuna mini damtsenta, 'yan biyun suna da wata takwas. Na san lissafin jikina. Na san abin da ke tafe.

Ni ba mai fita ba ce. Ko kasuwa sai dole. Ka bar ni a tsakar gidana da kajina da rediyona da wanda zan yi wa hira, to ka gama mini komai. Wuri ɗaya ne a duniya yake fitar da ni da gudu, wato bencin masu kiɗa na zumuntar mata a cocinmu. Ni ce mai babban tulu. Ba tulun ruwa ba, ko da yake mai ginin tukwane ɗaya ce ke gina su. Ana ɗora shi bisa gammo tsakanin gwiwoyi, a dafa wuyansa da hannu ɗaya, a bugi bakinsa da guntun soso da aka ɗinke cikin tsumma. Sai ya ce dum, daga can ƙasa, muryar da cikinka ke ji kafin kunnenka. Masu ganga da masu caki da masu waƙa duk a kan wannan dum ɗin suke tsayawa. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma kunne kam Allah ya ba ni. Idan mace ɗaya cikin arba'in ta kauce wa murya, zan gaya maka ko wacce ce ba tare da na waiga ba.

Kowace shekara bayan an shigar da amfanin gona, zumuntar mata na duk yankinmu suna haɗuwa a gari ɗaya, kwana uku, kowace coci ta fito fili ta yi waƙarta. Tun da na yi aure ban taɓa zuwa ba. Ko ina da tsohon ciki, ko ina jego, ko ina laulayi. Kullum matar wani direba ce ke karɓar tulun ta tafi da shi. Mace ce mai kirki, ban da abin faɗa a kanta, sai dai hannunta yana makara. Kaɗan ne, kamar ƙiftawar ido, amma ni ina ji, kuma yana yi mini ciwo kamar ana taka mini yatsa.

Shugabarmu, wadda kowa ke kira Mama, tsohuwar malamar firamare ce, ba ta iya zagaye-zagaye ba. A makon nan ta tsayar da ni bayan koyon waƙa ta ce, "Bana a Bena za a yi. 'Yata, ni na gaji da canjin hannu ana saura wata ɗaya. Idan kika sake zo mini da labari, tulun nan ya zama na matar direba. Ba aro ba. Nata."

Na ce, "Mama, ba labari bana."

Ta dubi cikina ta saman tabaranta ta ce, "Haka kika ce bara waccan."

To ga Mama da maganarta, ga ashana a damtsen maƙwabciya. Kwana biyu ina juya abin, ina wanke-wanke ina murmushi ni kaɗai. A rana ta uku na sami maigidana a gindin mangwaro da la'asar yana ƙota fartanya. Tsohon soja ne, kowa Kofur yake ce masa, ni ma haka nake ce masa idan ina neman wani abu. Na kawo masa kunu, na zauna, na fara daga nesa, daga tsadar sabulu. Ya bari na yi ta zuba, sannan ya ce, "Madam, ki zo kan magana, rana na faɗuwa."

Na faɗa masa duka, har da shida, har da shekara biyar.

Ya ajiye fartanya. Ya daɗe yana kallon 'yan biyun suna rarrafe kan tabarma. Na ɗauka zai ce mutanen gida za su yi magana, domin a danginsu mai 'ya'ya biyar yanzu ya fara. Sai ya ce, "Damina bakwai na yi wa babanki golmo. Ni da abokaina, da garjin rana, muna noma gonar da ba tamu ba don a ba ni ke. Ban yi wannan wahalar don in kai ki rami da wuri ba. Ranar nan da aka ce a nemo jini, ni na san abin da na gani."

Idona ya kawo ruwa. Shi kuma ba ya son haka, sai ya gyara murya ya ce, "Amma tambaya ɗaya. Idan kina bakin murhu, ba ta kamawa?"

"Kofur!"

"A'a, gara in sani. In ajiye bokitin ruwa kusa."

Ranar Talata muka tafi, ya sa tsohuwar rigarsa da ya goge da gawayi, ni kuma na yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Maƙwabciyata ta riƙe mini yara. A asibitin mata sun cika benci, labule ɗaya ne tsakaninsu da gadon da ake kwanciya, duk abin da aka faɗa ciki ana ji waje. Nas ɗin, wadda ake kira Sista, wata doguwa ce mai saurin magana. Ta auna ni, ta yi mini tambayoyi, ta gaya mini cewa jinin wata zai iya rikicewa, ya yi ta ɗigowa ko ya ɗauke. Na yi ta cewa to, to, don ɗoki. Sannan ta ce, "Wanne ne hannun cin tuwonki?"

Na ɗaga na dama, har da alfahari.

"Yawwa. To a ɗayan za mu sa, wanda ba ya aiki. Kwanta."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Domin ni bahaguwa ce. Haka aka haife ni. Kakata ce ta yi ta ƙwala mini ludayi a bayan hannu har na koyi cin abinci da dama, da gaisuwa da dama, da miƙa wa babba abu da dama. Amma niƙa, da shara, da yankan kuɓewa, da ɗaukar yaro, da kiɗan tulu, duk hagu ce ke yi. Ban taɓa furta kalmar da bakina ba. A ƙauyenmu akwai waɗanda ba sa cin abin da bahaguwa ta tuƙa. Ga mata a bayan labule sun yi tsit suna saurare, ga Sista ta riga ta shafa mini maganin nan mai sanyi a damtse. Na ce a raina, ai tuwo ta tambaya, kuma gaskiya na faɗa. Na juya fuskata bango.

Ba zafi. Allura ɗaya ce ta ɗan cije ni, daga nan sai na ji kamar ana taɓa hannun wata. Kafin in gama addu'ar da na fara, ta naɗe wurin da bandeji ta ce kada ruwa ya taɓa na 'yan kwanaki, kada in ɗauki abu mai nauyi. Na fito ina ji kamar in yi tsalle. A hanya na sa Kofur ya saya mini rake, na zo ina sha kamar yarinya. Shekara biyar! Na yi ta lissafa abin da zan yi da su. Zan yaye 'yan biyu a natse. Zan yi barci. Zan je Bena, da inda za a yi baɗi, da inda za a yi baɗin baɗaɗa.

Murnar nan ta kai kwana goma. Na ce wa Mama maruru ne ya fito mini a hammata, ta ba ni hutun koyon waƙa na Alhamis biyu. Ciwon ya warke, ɗan tabo kawai ya rage. Kowace safiya kafin in sauko daga gado sai na ƙirga su, shida, sannan in tashi da waƙa.

Sai na je injin niƙa.

Kunnen nan nawa ba kullum yake yi mini alheri ba. Inji na ruri, amma na tsinci hirar wasu mata biyu da ke bayana. Ɗaya na cewa, "Ai wata a Dirin Daji, an sa mata, ta je ta yi daka da hannun. Duk bugu ɗaya abin ya matsa, duk bugu ɗaya ya matsa, har ya bi jijiya ya je zuciya. Tana tsaye ta faɗi." Ɗayar ta ce, "Shi ya sa ake sa ta a hannun da ba ya motsi." Na waiga na ce, "Wacce ce matar? 'Yar gidan wa?" Ta ce ita ma a mota ta ji. Amma maganar ta riga ta shige ni. Duk bugu ɗaya ya matsa. Ni kuwa a waƙa ɗaya sau nawa nake bugu?

Ranar Alhamis na zauna gaban tulu, na ɗauki soson da hannun dama.

Wayyo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kunnena ya san inda dum zai faɗi, hannun ya ƙi zuwa. Ko ya riga, ko ya makara, wani lokaci ma in bugi gefen baki tulun ya yi wani tari kamar tsohuwar akuya. Masu caki suka rikice. Masu waƙa suka fara waigowa ɗaya bayan ɗaya. Matar direba, Allah sarki, ta sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Mama ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ke, yaushe kika koma 'yar dama?"

"Marurun ne, Mama, bai gama saki ba."

"Marurun nan naki ya fi ciki daɗewa? Saura mako uku. Alhamis mai zuwa ko ki zo mini da hannunki na gaskiya, ko ki koma layin masu tafi."

Na dawo gida ina tafe ina magana ni kaɗai. Na sa ashana don in riƙe tulu, ga shi ashanar za ta raba ni da tulu. In cire ta, ciki ya shiga, tulu ya tafi. In bar ta in yi kiɗa da hagu, in faɗi a tsakiyar fili a Bena in bar yara biyar. Na yi ta koyon dama a kan jarkar ruwa har yaran suka fara toshe kunne.

Ranar Litinin da safe na ƙirga, na sami biyar.

Na sake ƙirgawa. Biyar. Na yi ihu, Kofur ya shigo da asuwaki a baki.

"Ɗaya ta tafi! Ta kama hanya!"

"Ina za ta?"

"Zuciya!"

Ya cire asuwakin, ya kama damtsena da manyan yatsunsa masu kanta, ya daka musu tsawa kamar yana fareti. "Kowa ya tsaya a layinsa! Ɗaya! Biyu! Uku!" Ya tsaya. Ya koma farko. Ya sami bakwai. Ya sake, ya sami huɗu. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi, wasan ya fita daga muryarsa. Ya ce, "Sa zane mu tafi asibiti."

Kafin in ɗaura ɗankwali, sai ga maƙwabciyata a ƙofa da mayafi, ita ma ta shirya fita.

"Mi ya same ki kike ihu da sassahe?"

Na faɗa mata. Ta riƙe baki, sannan ta ce, "To mu tahi tare, ni ma can za ni. Hidda tawa za a yi."

Na dube ta. Ita da ta kawo mini labarin? Kofur ya ga maganar ta zama ta mata, ya ce zai zauna da yara. A hanya ta buɗe mini cikinta. Ashe wata huɗu ke nan da aka sa mata, kuma jini bai bar ta ta huta ba. Ba mai yawa ba ne, ɗigo ne, amma ba shi da rana.

"Yau jini, gobe tsarki, jibi jini. In yi wanka in shimhiɗa darduma, kahin la'asar ya dawo. Maigida ya tambayo mini malam, an yi mini bayani, an ce akwai kwanakin da zan ƙirga, sauran in yi sallata. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, Maman 'yan biyu. Ga azumi saura kwana goma. Ni ba ni iya wata guda ina azumi ina shakka."

"Ba ki ji tsoron ciki ba?"

"Ina ji mana. Amma wanga ya hi damuna."

Ni ma nawa jinin ya ɗan rikice, sai dai bai hana ni komai ba, tsumma ne kawai na ƙara wankewa. Ban taɓa tunanin abu ɗaya zai zama ƙaramin wanki a gidana ya zama rashin barci a gidanta ba.

Ita aka fara shigarwa, ta ce in zo in riƙe mata hannu. Sista ba ta yi mata faɗa ba. Ta tambaye ta sau ɗaya ko za ta ƙara haƙuri wata biyu, sau da yawa yana daidaita. Ta ce a'a. Sista ta ce to, jikinki ne, idan an sha ruwa ki dawo mu duba wata hanyar. Cirewa ta fi sawa daɗewa. Ina tsaye ina kallo tana zaro su ɗaya-ɗaya tana ajiyewa a ɗan kwanon ƙarfe. Na leƙa sosai. Ni duk zatona tsinke ne mai tsini, mai tauri, irin wanda zai huda nama ya wuce. Ashe wata 'yar roba ce fara, laushi gare ta. Sista ta ga ina leƙe, ta kama ɗaya da ɗan ƙarfenta ta lanƙwasa mini ita kamar dafaffiyar taliya.

"Ke kuma me ya kawo ki? Ba ke ce ta kwanan nan ba, matar soja?"

Na ce ɗaya ta ɓace. Na ce a cire sauran, ko a mayar da su dama idan ana yi. Ta ce don me. Na dubi labule. Ina jin numfashin matan da ke benci. Na rufe ido na ce, "Sista, ni bahaguwa ce."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ai tuwo kika tambaye ni."

Sai ta kwashe da dariya har ta dafa gado. Maƙwabciyata na kwance da bandeji ita ma tana yi. A bayan labule wata ta ce, "Gaskiyarta, tuwo aka tambaya!" benci duka ya ɗauka. Na tsaya ina jira kunya ta kashe ni, sai na ji ni ma dariyar ta kama ni.

Sista ta share ido ta ce, "Shekara nawa ina wannan tambayar, ba wanda ya taɓa kama ni sai yau. Daga yau hannun tsintsiya zan riƙa tambaya. Wane aiki kike yi da shi haka?"

Na ba ta labarin tulu, da Bena, da matar Dirin Daji. Ta ce ita ma ta sha jin labarin matar nan, wani lokaci 'yar Dirin Daji ce, wani lokaci 'yar Bena, har yau ba ta ga wanda ya je jana'izarta ba. Ta kama damtsena, ta danna gindin tsinkayen da babban yatsa, sai kawunansu suka ɗago a ƙarƙashin fata. Ta sa yatsana a kai. Biyu ne suka kwanta kusa da juna, kumburin da ya raba su ya sace. Shida cif.

"A ƙarƙashin fata suke, ba cikin jijiya ba. Nama ya riga ya riƙe su. Muna sawa a hannun da ba ya aiki ne don kada ciwon ya dame ki kafin ya warke, kuma naki ya warke." Ta jawo wani bokitin roba ta kife shi a gabana. "Buga mini."

"A nan?"

"A nan. Da ƙarfinki."

Na fara a hankali. Hannun ya yi mako uku yana jira, da ya ji an sake shi sai ya tafi da kansa. Na buga irin na shiga fili, na juya na buga irin na tashi, matan benci suka fara tafi, wata ta ɗaga labule tana leƙe, wani jariri ya daina kuka. Da na tsaya ina haki, Sista ta sake kama hannun ta ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. Shida.

"To, a cire?"

Na ce, "A bar ta."

Muka fito, ita tata a kwanon ƙarfe, ni tawa a hannu, kowacce fuskarta a sake. Ta ce mini, "Yau zan yi barci." Na ce ni kuwa yau ba zan iya zama wuri ɗaya ba.

Ranar Alhamis na zauna gaban tulu, na ɗauki soso da hagu. Bugu uku Mama ta juya ta ci gaba da ba da waƙa, ba ta ko dube ni ba. Wannan shi ne yabonta.

Bena! A bayan babbar mota muka tafi, mu talatin da wani abu, duk cikin zane iri ɗaya, 'yan biyu na wajen uwar mijina, tulu na kan cinyata a naɗe da bargo. Duk ramin da motar ta faɗa sai in rungume shi in ce wa direba ya ji tsoron Allah. A makarantar firamare aka sauke mu. Ban taɓa ganin mata da yawa haka wuri ɗaya ba, kowace coci da launin zaninta, ga manyan tukwane a kan duwatsu, ga 'yan Sakaba da gangunansu dogaye. Na yi ta yawo ina sauraron tulunan mutane, ina cewa a raina wannan ya cika faɗi, wannan mai shi tana jin tsoronsa.

A rana ta biyu da hantsi aka kira mu. Na zauna, na gyara gammo, na dafa wuyan tulu. Mama ta ɗaga hannu. Na saki na farko, dum, na ji ya bi ƙasa ya tafi har ƙarshen fili. Daga nan ban san sauran ba. Na san dai mata sun tashi tsaye, na san ƙura ta tashi daga ƙafafunsu, na san wata tsohuwa ta fito daga cikin 'yan wata coci ta zo tana yi mini fifita da ɗankwalinta. Aka ce mu ƙara, muka ƙara. A waƙa ta uku, wajen ƙarshe, inda ake ninka bugu, sai na ji muryar ta canja a hannuna. Ba wanda ya ji sai ni. Na lallaɓa shi har muka kai ƙarshe. Da aka gama guɗa na duba, tsaga ce tun daga baki har kafaɗa.

Na ɗauke shi na kai wa Mama kamar mai kai gawa. Tulun nan ya girme ni a cocin. Ta duba tsagar, ta bi ta da farce, ta dube ni ta saman tabarau.

"Shekara ashirin yana hannun mutane lafiya."

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Idan mun koma, ke za ki je wajen mai gini ki zaɓo wani. Kada ki aiko kowa. Ke za ki zauna da shi, ki zaɓi wanda zai iya da ke."

Sai da na fita bayan aji na gane abin da ta faɗa, na tsaya ina dariya ina kuka, wata 'yar Sakaba na tambayata ko an yi mini rasuwa ne.

Mako guda bayan nan na tafi gindin dutse wajen tsohuwar da ke ginin tukwane. Ta fito mini da tuluna goma sha ɗaya ta jera a rana. Na bi su ɗaya-ɗaya ina durƙusawa, in bugi baki da tafin hannu, in kara kunne. Wani muryarsa na tsayawa a wuya, wani na watsewa. Na tara, wani baƙi ne mai karkataccen wuya da tabon wuta a gefe, tsohuwar ma ta ce ba don ni ta fito da shi ba, na zuba tsaba ne. Na buge shi sau ɗaya, kajin gidan suka watse.

"Wannan," na ce.

"'Yata, mummuna ne fa."

"Iya, a taya ni ɗorawa."

Ta naɗa mini gammo, muka ɗaga shi tare, na kamo hanyar Rikoto a hankali, iska na shiga bakinsa yana yi mini gunaguni a ka.